Dragon Ball ya mutu a Japan ne, ko falo ne ya watse?

Abba Sadiq: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare barci ya ƙi zuwa, sai na zauna ina bin alƙaluman masu kallon Dragon Ball, shirin nan na anime (katun ɗin Japan), a talabijin ɗin Japan tun daga kashinsa na farko har waɗanda suka biyo baya, kuma abin da na gani ya kashe min jiki. Na farko, wanda Fuji TV ta fara nunawa ranar 26 ga Fabrairu 1986, fitowa 153 ne, matsakaicinsa kashi 21.2 cikin ɗari na gidaje, ya taɓa kaiwa 29.5. Sai Z, daga 1989 zuwa farkon 1996, fitowa 291, matsakaici 20.5, ƙololuwarsa 27.5. GT ya sauko 14.6. Da aka dawo da Dragon Ball Kai (Z ɗin da aka sake gyarawa) a 2009, matsakaicinsa bai cika kashi 10 ba. Super na 2015 zuwa 2018 ko nan bai kai ba. Daima kuwa na 2024 ƙarfe 11:40 na daren Juma'a aka kai shi, lokacin da mai shayi ma ya fara haɗa kofuna. To jama'a ku faɗa min gaskiya, mu ne kawai muke ta tayar da jijiyar wuya a nan alhali masu abin sun daɗe da yin watsi da shi?

Yaya Bello: Wa alaikumus salam. Abba, ai ba sabon labari ka kawo ba, hujja ka kawo min. Sau nawa ina faɗa a zauren nan ana ce min tsohon yayi? Ranar da Akira Toriyama, wanda ya ƙirƙiri Dragon Ball, ya kammala littafinsa na zane a 1995, ranar aka gama. Duk abin da ya biyo baya tatsar saniya ne, su kuma Japanawa ba wawaye ba ne, sun gane sun ajiye rimot.

Ɗan Auta: Yaya Bello ya iso, kowa ya gyara zama 😂

Malam Nura: Abba, sannu da ƙoƙari, alƙaluman da ka kawo haka suke. Amma kafin a yanke hukunci a san me lambar take aunawa. Kamfanin da ke wannan aiki a Japan sunansa Video Research, tun 1962 yake yi. Lambar da jaridu suka fi bugawa ta yankin Kanto ce, wato Tokyo da kewayenta, ba ta ƙasar gaba ɗaya ba. Kuma gidaje ake ƙirgawa, ba mutane ba. In aka ce kashi 20, ana nufin cikin gida ɗari masu talabijin, ashirin sun kunna wannan tasha a wannan lokaci. Ko mutum shida ne a gaban akwatin, ko kaka ce kaɗai tana gyangyaɗi jikanta ya kunna ya fita, gida ɗaya za a rubuta. Saboda haka lambar ba ta san so ba, ba ta san ƙi ba. Kunnawa kawai ta sani.

Abba Sadiq: Malam, na ji wannan. Amma ai ma'auni ɗaya aka auna su duka da shi. In mudun ya karkace, ai duka ya karkace musu.

Hafsa: Mudu ɗaya ne amma ba kasuwa ɗaya aka kai shi ba, Abba. Ka lura da abin da ka tsallake a jerin naka? Dragon Ball, Z da GT duk ranar Laraba ƙarfe 7 na dare ake nuna su. Wannan shi ne lokacin da suke kira na zinariya, 7 zuwa 10, an dawo daga makaranta, ana cin abincin dare, talabijin ɗaya ce a falo kowa na gabanta. Dragon Ball Kai da Super kuwa Lahadi ƙarfe 9 na safe. Kai da kanka, Lahadi da tara na safe ina kake? Ka kwatanta mai sayar da ƙosai da asuba a bakin tasha da mai sayarwa da azahar a lungu, sannan ka ce na biyun ƙosansa ne ba daɗi.

Kuma wannan gurbi na Laraba yana da tarihi. Tun Afrilu 1981 na Toriyama ne, da Dr. Slump aka fara, wanda ya taɓa kai kashi 36.9. Dragon Ball ya gaje shi a 1986, Z ya biyo, GT ya biyo, aka sake sabon Dr. Slump a 1997. Shekara goma sha takwas mutum ɗaya yana riƙe da daren Laraba. A Oktoba 1999 One Piece, anime ɗin wani marubucin daban, ya karɓi gurbin. Wato Dragon Ball bai fara daga sifili ba, taron da Arale, tauraruwar Dr. Slump, ta tara ya samu a zaune.

Yaya Bello: Madalla, Hafsa, kin taimake ni ba ki sani ba. Kin ce GT ma Laraba ƙarfe 7 ne ko? To. Z ya ƙare 31 ga Janairu 1996. GT ya fara 7 ga Fabrairu 1996. Mako ɗaya tsakaninsu. Tasha ɗaya, rana ɗaya, ƙarfe ɗaya, falon nan dai da kike magana. Ba wayar hannu mai kallo, ba YouTube, ba komai. Amma aka faɗo daga 20.5 zuwa 14.6, kuma fitowa 64 kacal aka tattara shi. Me ya canza a mako ɗaya? Yaran Japan ne suka ƙare ranar Alhamis? Abu ɗaya ne ya canza, babu littafin Toriyama a ƙarƙashinsa. Ku ba ni amsar wannan sai in yi shiru.

Ɗan Auta: Kai! Anti Hafsa an kama ki da hannu dumu-dumu.

Hafsa: Ba wanda ya kama ni, yaro. Yaya, ban taɓa cewa GT ya kai Z ba, kuma ba zan ce ba.

Malam Nura: Gaskiya a nan Bello yana da magana, kuma ita ce mafi ƙarfi da aka yi tun da aka fara. Duk sauran faɗuwar za ka iya ɗora ta a kan sauyin lokaci ko sauyin zamani, wannan ɗaya ba ta ɗoruwa. Gyara ɗaya zan yi masa. Kashi 20.5 matsakaicin kusan shekara bakwai ne, ya haɗa da zamanin manyan mugayen nan Freeza da Cell lokacin da abin ke ganiyarsa. Ba daidai ba ne a ce a mako ɗaya aka yi tsalle daga 20 zuwa 14, don matsakaici ba ya nuna maka inda mutum yake tsaye ranar ƙarshe. Amma cewa rashin littafin ya yi ɓarna, wannan ko shakka babu. Mujallar da ke buga shi, Weekly Shōnen Jump, ta kai kwafi miliyan 6.53 a mako a farkon 1995. Dragon Ball ya ƙare a shekarar, Slam Dunk ya ƙare a 1996, kafin ƙarshen 1997 abokiyar hamayyarta Shōnen Magazine ta wuce ta. Ka ga ba talabijin kaɗai ba ce ta ji a jikinta.

Yaya Bello: Allah ya saka da alheri, Malam. A rubuta a ajiye, yau Malam Nura ya ce ina da gaskiya.

Malam Nura: A GT na ce, Bello. Kada ka ɗauki kamu ɗaya ka ɗinka babbar riga. Bari in kawo maka wani shiri da zai raba mana gardama, don a lissafi in kana son sanin abin da ya jawo canji, sai ka nemo abin da shi bai canza ba. Akwai Sazae-san. Labarin wata matar aure ne da iyalinta, ba faɗa, ba tashi sama. Fuji TV ke nuna shi tun Oktoba 1969, Lahadi ƙarfe 6:30 na yamma, har yau bai matsa daga nan ba. Marubuciyarsa Machiko Hasegawa ta rasu tun 1992 aka ci gaba. Mutanen cikinsa ba su tsufa ba, salonsa bai sauya ba, shi ne ma na ƙarshe da ya bar zanen hannu a kan roba ya koma kwamfuta, sai 2013. A Satumba 1979 ya kai kashi 39.4. Yanzu ƙasa da kashi 10 yake yawo. Kuma duk da haka makonni da yawa shi ne na ɗaya a jerin anime na talabijin. To wa ya ɓata Sazae-san? Wane marubuci ne ya ajiye alƙalami a nan?

Ka bar anime ma. Gasar waƙe-waƙen daren sabuwar shekara ta tashar NHK, Kōhaku, a 1963 kashi 81.4 ta samu. A 2023 ta tsaya a 31.9. Kogin ne gaba ɗaya ya janye, Bello, kai kuma kana nuna kwalekwale ɗaya kana cewa matuƙinsa ne bai iya ba.

Maman Afnan: Ni dai ina ta karantawa shiru, amma akwai abin da ba wanda ya ambata, kuma mu iyaye shi muka fara gani. Yaran su wa za su kalla? A 1973 an haifi jarirai sama da miliyan 2 a Japan. Waɗannan su ne 'yan shekara sha biyu, sha uku lokacin da Goku, jarumin Dragon Ball, ya fito a talabijin. A 2016 haihuwa ta sauko ƙasa da miliyan ɗaya, a 2024 ba ta kai dubu 700 ba. Tunda Malam ya ce gidaje ake ƙirgawa, ai gidan da ba yaro a cikinsa ma yana cikin ɗarin. In a unguwa gida ɗari ne, da can hamsin akwai yara, yanzu ashirin, ko duk yaran unguwar sun zauna kallo ba za a sake ganin tsohuwar lamba ba. Ga kuma lesin da suke zuwa bayan makaranta har dare.

Malam Nura: Hajiya, kin gama magana. Da ɗalibata ce ke da na ba ki makin duka.

Maman Afnan: Malam ka rufa min asiri, lissafi ne ya kore ni daga ajin kimiyya.

Ibro Maraɗi: Salamu alaikum, na zo a makare. Ni duk wannan ƙirge-ƙirge dariya yake ba ni, don mu da muka kalle shi ba mu cikin lissafin kowa. Mu nan da Faransanci muka san shi, Sangoku muke ce masa, tsohon nan malaminsa kuma Tortue Géniale. A Faransa tun 1988 ake nuna shi cikin shirin yara na Club Dorothée, mu kuwa sai a kaset ya iso mana. Gidan wani maƙwabcinmu mai tele da bidiyo muke cika bayan an tashi daga lakwal, mu fi ashirin a tsakar gida, wani kan turmi wani kan katanga. In da Video Research ta zo, gida ɗaya za ta rubuta.

Maman Afnan: Ibro ka tuna min da Spacetoon! Mu da Larabci muka gan shi a dish. Tashar ta raba shirye-shiryenta duniya-duniya, Dragon Ball Z yana duniyar Action, mu mata an ce tamu ita ce Zumurruda. Ni kuwa Action nake zama, yayyena su yi ta korata. Rabin Larabcin da na shiga Islamiyya da shi daga bakin Conan, yaron nan mai bincike na anime ɗin Detective Conan, na ɗauko.

Ɗan Auta: Ashe Anti Maman Afnan tsohuwar 'yar daba ce a harkar 😂 Ni tambayata ɗaya, minti biyar ɗin nan da Freeza ya ce duniyar Namek za ta fashe, da agogon wace ƙasa aka auna?

Hafsa: Ka yi wasa amma tambayarka tana cikin maganar. Z kowane mako yake fita ba hutu, littafin kuma babi ɗaya ne a mako, shafi goma sha wani abu. In suka yi sauri za su cim ma marubucin, sai su rasa abin nunawa. Shi ya sa ake ja, a yi ta kallon-kallo, a yi ta ihu, dutse ya yi ta tashi sama. Minti biyar ya cinye fitowa wajen goma. Kuma mutane suka zauna suka kalla, kashi ashirin da wani abu! Yau wa zai jure wannan da waya a hannunsa? Dragon Ball Kai da aka yi a 2009 ai aikinsa ke nan, yanke wannan jan. Wato wanda ya fi tsari shi ya samu rabin lambar wanda ya fi ja. Yaya Bello, in lamba ce inganci sai ka bayyana min wannan.

Yaya Bello: Dragon Ball Kai maimaici ne. Wa zai tashi da safe don tuwon jiya?

Ibro Maraɗi: Ɗumame ai ya fi daɗi, Yaya.

Sarkin Zaure: Jama'a a dawo kan hanya. Maganar Spacetoon da kaset a buɗe mata nata zaren, na ga ta fara jan mutane. Abba ya yi tambaya ne a kan Japan.

Abba Sadiq: Na gode Sarki. To ni yanzu na yarda gurbin lokaci yana da tasiri. Amma me ya sa aka cire shi daga daren tun farko? In yana kawo mutane ai ba za a taɓa shi ba. Ba wannan ne ke nuna tashar da kanta ta yanke ƙauna ba?

Hafsa: Ba shi kaɗai aka cire ba, duka aka kwashe ɗaya bayan ɗaya. One Piece ya bar dare ya koma Lahadi 9:30 na safe a Oktoba 2006. Conan da ya fara a daren Litinin a 1996, an mayar da shi Asabar ƙarfe 6 na yamma a 2009. Doraemon da Shin-chan sun riƙe daren Juma'a shekaru da yawa a TV Asahi, a Oktoba 2019 aka kai su yammacin Asabar. Dalilin kuɗi ne. Da ƙarfe 7 na dare mai talla yana son gida duka, uba da uwa da kaka. Shirin barkwanci ko na kacici-kacici da 'yan wasa a zaune ya fi araha, kuma tsoho zai kalla. Anime yana da tsada, tsoho kuma zai canza tasha. In tsofaffi sun fi yara yawa a ƙasa, ka san wanda zai ci zaɓen rimot.

Amma ga abin da nake so Abba ya duba. Conan ɗin nan da aka kora daga dare, lambarsa ta talabijin ta sauka kamar ta kowa, fim ɗinsa na sinima na 2023 ya tara sama da yen biliyan 13, shi ne na farko a jerinsa da ya haura biliyan 10. Na 2024 ya wuce biliyan 15. Shekara kusan talatin da farawa, yanzu ne yake kafa tarihi. One Piece Film Red na 2022 ya haura biliyan 20 a Japan kaɗai. Su wa suka sayi tikitin? Aljanu?

Malam Nura: A ƙara da Demon Slayer. A 2019 cikin dare aka nuna shi a ƙananan tashoshi, in da lambar talabijin za a bi da ba wanda zai san da shi. Fim ɗinsa na 2020 ya tara sama da yen biliyan 40. Da Fuji TV ta sa fim ɗin da daddare a Satumba 2021, kashi 21.4 ya samu. Wato falon yana iya cika har yanzu, amma sai ranar biki, ba kowace Laraba ba.

Ibro Maraɗi: Shi Super ɗin da ake rainawa fa? A Maris 2018 da za a nuna faɗan Goku da Jiren na ƙarshe, a Latin Amurka dandali aka riƙa cikawa ana kallo a babban allo kamar wasan ƙarshe na kofin duniya. A Ciudad Juárez ta Meksiko hukumar garin ce da kanta ta shirya, dubban mutane suka fito. Har sai da Toei, masu shirya shi, ta fitar da sanarwa cewa ba ta ba da izinin irin wannan nuni ba. Shirin da bai kai kashi 10 a Tokyo ba ne ya tara wannan jama'a.

Yaya Bello: Duk kun dawo kan maganata ba ku sani ba. Na ce kasuwanci ne, kun kawo min rasit. Na san Bandai Namco, masu kayan wasa da gem, tana samun sama da yen biliyan 100 a shekara daga Dragon Ball, na san gem ɗin wayar nan Dokkan Battle tun 2015 yake kwasar kuɗin mutane. To sai me? A da labarin ne ke jan kaya, yanzu kaya ne ke jan labari. Gashi ya zama shuɗi, gashi ya zama ja, gashi ya zama fari, kowane launi sabon ɗan tsana ne a shago. Yaron 1991 da ya ga gashin Goku ya zama ruwan gwal a karon farko, an kashe abokinsa Krillin a gabansa ne, akwai dalili. Yanzu fenti ne kawai. Ba ruwan tashar da mutum nawa suka kalla, talla ce ta minti ashirin da wani abu.

Hafsa: Rabin wannan na yarda da shi, kuma ya fi maganarka ta farko. Amma ka ga ka sauya ƙafa. Da farko ka ce Japanawa sun gane sun ajiye rimot. Yanzu ka ce suna nan suna kashe kuɗi amma abin da suke saye ba kyau. Wanne za mu riƙe? Sannan batun alƙalamin Toriyama. Shi ya ba da ƙashin labarin Super. Daima kuwa shi ya rubuta labarin, shi ya zana mutanen, shi ne aikinsa na ƙarshe kafin ya mutu ranar 1 ga Maris 2024. Kuma me ya yi a ciki? Ya mayar da Goku yaro, abin da kuka shekara ashirin da wani abu kuna zagin GT a kansa.

Ɗan Auta: Innalillahi. A kawo wa Yaya ruwa.

Yaya Bello: Mai gida in ya ga dama ya rushe katangarsa, ba ɗaya ba ne da ɗan haya ya rushe ta.

Maman Afnan: Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne wannan ɗin. An mayar da shi yaro, zanen ya yi kama da na yara, sannan aka sa shi sha biyu saura na dare. Wace uwa ce za ta bar ɗanta a farke har lokacin? Sai da na yi tunani na ga ai ba don yaran aka sa shi nan ba. Yaran 1986 yanzu sun haura hamsin, su ne a farke, su ne da albashi. Yaran yau kuwa da safe za su gani a waya. Haka nake ganin nawa suna yi da finafinanmu masu dogon zango, ba wanda ya san ranar da tasha ke sa su, sai dai a ce an ɗora.

Hafsa: One Piece ma ai can ya bi. Bayan hutun wata shida da ya yi, a Afrilu 2025 ya dawo Lahadi ƙarfe 11:15 na dare. Daga Laraba 7 na dare, zuwa safiyar Lahadi, zuwa tsakar dare, hanyar da Dragon Ball ya bi sak.

Abba Sadiq: To Malam, wanda ya gani da safe a waya, ko ya naɗa ya kalla daga baya, yana cikin lambar?

Malam Nura: A lambar da ka kawo, babu shi. Ita ta kallon kai-tsaye ce. Sai a Oktoba 2016 Video Research ta fara fitar da wata lamba daban a Kanto ta waɗanda suka naɗa suka kalla cikin kwana bakwai. Manhajar TVer da tashoshin suka haɗu suka buɗe a 2015, nata ƙirgen daban ne, balle Netflix da Crunchyroll. Akwai kuma tarkon da nake ganin mutane suna faɗawa a intanet. Daga 2020 an koma ba da muhimmanci ga lambar mutum-mutum maimakon ta gidaje, ita kuma kullum ta fi ƙanƙanta. Sai ka ga wani ya ɗauko ta gidaje ta 1990 ya jera da ta mutum-mutum ta bana ya ce a zo a ga faɗuwa. Masu talla ma yanzu sun fi tambayar 'yan shekara 13 zuwa 49 nawa ne suka kalla.

Sannan ku san yawan gidajen da ake aunawa. Kafin 2016 gida 600 ne a Kanto duka. Aka ƙara zuwa 900, a 2020 aka kai 2,700. Da gida 600, kashi ɗaya gida shida ne. Shida! In shiri ya samu kashi 10, kuskuren awo zai iya kai maki 2.4 sama ko ƙasa. To duk masu zuwa suna cewa wannan makon an samu 6.3, wancan 5.8, saboda haka mutane ba sa son wane, hayaniya suke fassarawa. Saboda ƙanƙantar adadin nan ne ma a 2003 aka kama wani furodusa na Nippon TV ya ɗauki masu bincike sun gano masa wasu daga cikin gidajen, ya riƙa ba su kyauta don su kalli shirye-shiryensa.

Ɗan Auta: Ashe sayen ƙuri'a ba mu muka ƙirƙiro ba 😭

Sarkin Zaure: Auta, gargaɗi na farko. Ba siyasa.

Yaya Bello: Malam, da gida 600 ɗin nan, tazarar 20.5 da 14.6 tana cikin kuskuren awo?

Malam Nura: Ba ta ciki. Matsakaicin fitowa da yawa ne, kuskuren yana raguwa sosai. Na riga na ba ka GT, Bello, ba zan karɓe ba.

Yaya Bello: Shi ke nan. Ni a nan na kafa tutata.

Abba Sadiq: Ni kuma zan je in haɗo na One Piece shekara-shekara, in raba su gida uku bisa lokacin da ake nuna shi, in ga ko a cikin gurbi ɗaya ma yana sauka. In ya sauka a gurbi ɗaya fiye da yadda Sazae-san ya sauka a shekarun, Yaya Bello ya samu tuta ta biyu. Malam, haka ake yi ko?

Malam Nura: Haka ake yi. Ka tabbata duk na gidaje ne kuma duk na Kanto, kada ka gauraya.

Ɗan Auta: Kafin a tashi ina da shaida. Yaya Bello, wa ya turo min saƙo ƙarfe ɗaya na dare a watan Fabrairu yana cewa in tashi in ga Goku ya rikiɗa zuwa siffar nan ta Super Saiyan 4 a Daima? Har da alamar wuta guda uku. In ɗora hoton?

Hafsa: Ɗora!

Maman Afnan: Super Saiyan 4 ba na GT ba ne? Wanda aka ce na ɗan haya?

Yaya Bello: Auta, ka goge wannan. Na kalla ne don in san abin da zan soka.

Ibro Maraɗi: Fitowa ashirin duka, Yaya?

Yaya Bello: Cajina saura kashi 4, kuma an ɗauke wuta. Sai da safe.